Layin Gida ko Layin Can: Wanne Maniyyaci Zai Riƙe?

Da zarar an fara bitar maniyyata a ƙaramar hukumarmu, shagona na caji da gyaran waya sai ya koma majalisa. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, kuma kusan duk wanda ya biya kuɗin kujera, ko 'ya'yansa suka biya masa, sai ya biyo ta wurina kafin jirginsu ya tashi daga Dutse. Dattijo zai zaro wayarsa daga aljihun gaba, wata baiwar Allah kuma jika za ta aiko da tata a ƙulle cikin leda. Tambayar guda ce: wannan layin zai yi aiki a Makka?

Zai yi. Sai dai layi ya kama sabis daban, mutum ya samu wanda yake nema a lokacin da yake nemansa, ba tare da guzurinsa ya ƙare a kati ba, shi ma daban. Na je Umara sau ɗaya, kwana goma sha biyu, sannan na raka Gwaggona aikin Hajji a 2024. Ban da wannan, harkar kayan waya takan kai ni Damagaram ta Maigatari. A tafiye-tafiyen nan na riƙe layin gida, na riƙe na can, na kuma ga abin da ya samu abokan tafiya da idona.

Hanya huɗu ce a gaban matafiyi. Ko ya tafi da layinsa na gida, ko ya yanki layin ƙasar da ya je, ko ya sayi layin da ba a riƙe shi a hannu wanda ake kira eSIM, ko kuma ya dogara da waifai, wato intanet ɗin masauki. Biyun farko su ne suka shafi yawancin mutanenmu, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Tafiya da layin gida

Mafi sauƙi shi ne ka tafi da layinka na MTN ko Airtel ko Glo yadda yake, abin da ma'aikatan kamfanonin ke kira romin. Kamfaninka ba shi da ƙarfen sabis ko ɗaya a Saudiyya. Na wani kamfanin can yake aro maka, ya biya su, sannan ya cire a katinka. Tushen tsadar ke nan.

Alherinsa a fili yake. Jirgi na sauka Madina ko Jidda ka kunna waya, lambarka tana nan, ba ka tsaya a jerin gwano ba, ba ka dangwala yatsa ba. Mutanen gida ba sai sun haddace sabuwar lamba ba. Mafi muhimmanci, alat na banki da lambar tabbatarwa da banki ke turowa in za a tura kuɗi duk ta layin gida suke zuwa, kuma karɓar saƙon tes galibi ba a cire komai. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum barin layinsa a gida cikin akwati.

Illarsa kuma ba ta fitowa sai an isa. A gida mun saba wanda ya kira shi ke biya. A romin, ɗaga kira ma ana iya cire maka kuɗi. Mu kuwa mun san yadda gaisuwarmu take: Alhaji ya hanya, ya ibada, ya zafin rana, a sa mu a addu'a. Sannan a miƙa wa uwargida, a miƙa wa amarya, a miƙa wa maƙwabcin da ya shigo ya ji ana magana da Makka. Minti ashirin sun tafi, kuma Alhaji ba zai iya kashe wa ɗan'uwansa waya ba. Haka nan in ku biyu kuna riƙe da layin gida, kai kana wannan tantin shi yana na kusa da kai, kiran da za ka yi masa kiran ƙasar waje ne, kuma kowannenku zai iya biya.

Babbar ɓarnar dai data ce. Wayar zamani ba ta jiran umarni. Tana ganin intanet za ta fara sauke hotuna da bidiyon da suka taru a zaurukan WhatsApp, ta sabunta manhajoji, ta kwashe hotunanka zuwa ma'ajiya. A gida ba ka ji, domin kana kan tsarin data mai rahusa. A waje, in ba ka sayi tsarin romin ba, kai tsaye daga katinka ake yanka, a farashin da bai yi kama da na gida ba ko kusa. Wani bawan Allah da muka zauna ɗaki ɗaya a Madina ya loda kati mai yawa kafin ya taso, da niyyar ya ishe shi wata guda. Kafin motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ta kai masauki babu ko sisi, bai kuma kira kowa ba. Datarsa ce kawai a kunne. Ya yi ta salati yana nuna mini wayar, ni ma abin ya yi mini ciwo, domin maɓalli ɗaya ne da an kashe tun a Dutse da haka ba ta faru ba.

Kamfanonin gida sukan fito da tsari na musamman a lokacin Hajji, mai ɗauke da mintuna da data a farashin da ya fi romin zalla sauƙi. Ba na kushe shi. Ga mai Umarar mako ɗaya ko kwana goma, wanda yawancin kiransa gida ne, sau da yawa shi ne ya fi dacewa, domin ba zai ɓata rabin yini wurin rajista ba. Amma kafin ka biya, ka je ofishinsu a Gumel ko Haɗeja ko Kano ka yi tambaya uku, ka sa a rubuta maka amsar. Kwana nawa tsarin yake yi, kuma daga ranar saye ake fara ƙirga ko daga ranar sauka? A kan wane kamfanin Saudiyya yake aiki? Wannan ta biyun tana da nauyi, domin wani tsarin da kamfani ɗaya tak aka ƙulla shi, in wayarka ta kama wani daban sai a koma cire maka a kati. Ta uku: in ya ƙare, tsayawa yake yi, ko zarcewa zai yi yana cin katin da ya rage? Ka kuma tabbatar an buɗe wa layinka romin tun kana gida, kuma an haɗa shi da lambar NIN ɗinka. Gyaran da zai ɗauke ka minti goma a nan, daga Makka yana iya gagara gaba ɗaya.

Yankar layin Saudiyya

Manyan kamfanonin can uku ne: STC, Mobily da Zain. Akwai ƙanana da ke hawa kan ƙarfen manyan, irin su Lebara da ke kan Mobily, wanda baƙi ma'aikata suka fi sani saboda kiran ƙasashen waje. Dukkan manyan suna da tsarin baƙi, kuma za ka ga rumfunansu a filin jirgi da shagunan da ke kewaye da Harami a Makka da Madina.

Ba a ba ka layi sai da fasfo da zanen yatsa. A nan tsofaffinmu ke shan wahala. Wanda ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya, zanen yatsunsa ya shafe, na'ura takan ƙi karɓa sai an gwada yatsa bayan yatsa. Lalle mai duhu a kan yatsu ma yakan ƙara wahalar, don haka nakan ce wa iyaye mata su bar ƙunshi sai an kusa dawowa. Duk da haka, a yi haƙuri a tsaya a yi rajistar da sunan mai wayar. Za ka haɗu da masu tallar layi a bakin masauki, wasu ma da Hausa za su yi maka magana, su ce an riga an yi masa rajista, sa wa kawai za ka yi. Kada ka saya. Layin yana kan sunan wanda ba ka sani ba, ana iya rufe shi kowace rana, in ya ɓace ko ya lalace babu ofishin da zai saurare ka, kuma ba ka san abin da aka taɓa yi da lambar ba.

Wurin zaɓen tsari ne mutanenmu suka fi yin kuskure, domin mai shago da babbar lamba yake jan hankali: giga kaza, giga kaza. Kowane tsari abu uku ne a cikinsa, wato data, mintunan kiran cikin Saudiyya, da mintunan kiran ƙasashen waje. Ɗan birni da duk danginsa ke da babbar waya, data ce damuwarsa. Mu lissafinmu ya sha bamban. Kira ta intanet sai ɓangarorin biyu suna da babbar waya, da data, da sabis mai ƙarfi. A ƙauyenmu, wanda zai yi kiran bidiyo sai ya fita bayan makarantar firamare inda sabis ya fi kamawa, kuma yawancin gidaje ƙaramar waya mai maɓalli ce a hannun uwargida. Alhajin da ya sayi giga hamsin ba shi da mintin waje ko ɗaya, ya sayi abin da ba zai kai muryarsa ɗakin matarsa ba. Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce mintunan waje nawa ne, kuma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da mintunan suka shafa? Ba kowane tsari ne ya haɗa da ita ba. A sa ya nuna sunan ƙasar a rubuce.

Datar ma kashi biyu take zuwa a wasu tsare-tsaren: ta komai da komai, da wadda aka keɓe wa shafukan sada zumunta kaɗai. Ta biyun ba lallai ta buɗe maka taswira ba, ko manhajar Nusuk wadda da ita ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW). In aka ce maka giga ashirin, tambayi nawa ne na komai da komai a ciki.

Sai maganar wa'adi, wadda a ganina ta fi duk sauran haɗari, kuma ba a cika faɗarta a bita ba. Tsarin baƙi na kwanaki ne ƙidayayyu, wani mako biyu, wani mako huɗu. Alhajin Najeriya kuwa yakan wuce wata guda a can. Ɗauki misalin wanda jirginsa ya sauka Madina ranar 10 ga Zulƙida, ya yanki tsarin mako huɗu a ranar. Ƙirga kwana 28: wa'adinsa zai cika ranar 8 ko 9 ga Zulhajji, wato ranar fita Mina ko ranar tsayuwar Arfa. Duk tsawon tafiyar babu kwanakin da mutum ya fi buƙatar waya kamar waɗannan, kuma babu lokacin da neman shagon kati ya fi wuya. Ranar da ka yanki layi, rubuta ranar ƙarewarsa a takarda ka sa cikin jakar hannu. In ta faɗo tsakanin 7 da 13 ga Zulhajji, sabunta shi tun kana Makka, ko da sauran kwana biyu ko uku a tsohon. Asarar kwana uku ba ta kai ta zama babu waya a Muzdalifa ba.

Game da kuɗi, riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75, don haka wanda ya riƙe dala 500 riyal 1,875 ke hannunsa, kuma daga ciki zai yi tsaraba da sauran buƙatu. Akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kan saye-saye a Saudiyya, saboda haka ka tambaya ko farashin da aka faɗa maka ya haɗa da shi. Kada kuma ka bar gaban mai shago sai ka ga layin ya kama, ka kira wani na kusa da kai ya shiga, ka buɗe intanet ya buɗu, an kuma rubuta maka lambarka a takarda.

Wane kamfani ya fi? STC ne mafi girma kuma mafi daɗewa, shi na riƙe, ban kuma yi nadama ba. Amma gaskiya a cikin gari, Makka ko Madina, ban ga bambancin da zai sa a yi gardama ba. A Mina ne ake gane ƙarfin sabis, inda mutum sama da miliyan 1.8 suka taru a kwari ɗaya a shekarar da muka je, kowa da waya a hannu. A irin wannan cunkoso kowane kamfani yakan yi nauyi a wasu sa'o'i. Dabarar da ta fi zaɓen kamfani amfani ita ce 'yan ƙauye ɗaya ko 'yan ɗaki ɗaya kada su taru a kamfani guda. In ku shida ne, uku su yanki wannan, uku su yanki wancan. Wanda nasa ya ƙi, ya ari na ɗan'uwansa.

Kiran da ya fi kowanne

Duk lissafin da na yi a sama na kuɗi ne. Abin da ya sa na tsaya kai da fata a kan layin Saudiyya ga mai aikin Hajji wani abu ne daban.

A kwanakin Mina na 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, yawancinsu waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya a rana. Allah Ya jiƙansu. A rana ta biyu ta jifa, muna dawowa, turmutsutsu ya raba ni da Gwaggo. Na juya hagu na juya dama, fararen kaya da lema kawai nake gani. Ƙaramar waya ce a wuyanta cikin 'yar jaka, da layin can a ciki, na kuma ɗaura lambata a kan maɓalli na biyu, na koya mata danna shi ta riƙe tun muna Madina. Ba a fi minti goma ba wayata ta yi ƙara.

"Ɗan nan, ga ni ƙarƙashin wata gada, ban san ko ina ne ba."

"Gwaggo, kada ki motsa daga inda kike. Akwai mai kaki kusa da ke? Miƙa masa wayar."

Askarin ya yi bayani da Larabci, na miƙa tawa wayar ga wani Bahaushe mazaunin can ya fassara mini, na je na same ta zaune a inuwa an ba ta ruwa. A tantinmu kuma akwai dattijon da ya ɓace tun hantsi, sai bayan isha'i aka kawo shi, ƙafafunsa duk sun kumbura. Layin gida ne a wayarsa, katin ya ƙare, lambar ɗansa da ke rubuce a takardarsa kuma ta Najeriya ce. Ya ce ya nuna wa mutane da dama, suna dubawa su girgiza kai. Ban ga laifinsu ba sosai. Lambar da ta fara da 05 kowa a can ya san ta gida ce, direba ko mai shara ko askari zai kira maka ita ba tare da tunani ba. Wadda ta fara da +234 kiran ƙasar waje ne, wani layinsa ma ba zai iya ba.

Shi ya sa nake cewa ko tsarin da ya fi kowanne araha mutum zai yanka, ya tabbatar akwai mintunan cikin gida a ciki, kuma lambar da za a rataya wa tsoho a wuya ta Saudiyya ce: ta ɗan rakiyarsa, da ta jami'in alhazan ƙaramar hukumarsu. A ƙara da 911, lambar neman agajin gaggawa a Makka, da 997 ta motar asibiti.

eSIM da waifai

Yaranmu da ke karatu a Kano da Dutse sukan kawo maganar eSIM, irin na kamfanin Airalo da makamantansa. Ana sayensa ta intanet tun daga gida, jirgi na sauka data ta kama. Ga mai iPhone daga XS zuwa sama, ko wasu manyan Samsung, abu ne mai daɗi. Amma yawancin Tecno da itel da Infinix da ke hannun mutanenmu ba sa ɗaukarsa. In kana son ka sani, danna *#06#, in ba ka ga lambar da aka rubuta wa EID ba, to taka ba ta ɗauka. Ana biyansa da katin banki mai iya sayayyar waje, kuma yawancinsa data ce zalla, babu lambar da za a kira ka da ita. Ga ɗan kasuwa mai kwana biyar a Dubai ko mai gajeriyar Umara, ya yi. Ga tsohuwa a Mina bai tsinana komai ba.

Waifai na masauki kuwa kyauta ne, a yi amfani da shi wurin tura hotuna da bidiyo masu nauyi. Sai dai bene guda ɗaruruwan alhazai ne a kansa, da daddare yakan yi rarrafe, kuma ba ya bin ka Harami, balle Arfa. Ƙari ne a kan layi.

Abin lura ga masu babbar waya: WhatsApp ɗinka yana nan a kan lambarka ta gida ko ka sa layin Saudiyya. In ya tambaye ka ko za ka canza lamba, ka ce a'a. Kada kuma ka goge shi ka sake saukewa a can, domin lambar tabbatarwa layin gida za a tura wa. Saudiyya ta sassauta takunkumin kira ta intanet a 2017, amma kiran WhatsApp ya daɗe bayan nan yana ƙin shiga a layukan can. A tafiyarmu saƙon murya ne ke tafiya lafiya lau, kira kuwa da manhajar imo muka riƙa yi. A sauke imo tun a gida, a wayar matafiyi da ta wanda za a riƙa kira, a gwada. Saƙon murya dai ya fi komai dacewa da ƙauye: ba ya cin data, kuma yana jira har mai wayar ya fita inda sabis yake.

Abin da nake yi wa masu zuwa shagona ke nan. Mai waya mai layi biyu, layin gida ya zauna a gurbi ɗaya da ɗan kati a ciki, a kashe masa datar romin, aikinsa karɓar alat da saƙo. Gurbi na biyu a bar shi wa layin can, shi zai ɗauki kira da data. Tsoho ko tsohuwa, ƙaramar waya mai riƙe caji kwana uku ta fi musu babba, layin gida kuma ya zauna a wayar ɗan rakiya. Nakan zauna in sake adana lambobin da za su kira, in cire sifilin farko in sa +234, domin 0803 ko 0706 yadda muke adana su a nan ba za su shiga daga layin Saudiyya ba. Mutanen gida su ma, in za su kira layin can, su cire sifili su sa +966. Ɗaga kira a layin can kyauta ne ga Alhaji, amma mai kiran daga Najeriya kuɗin ƙasar waje zai biya, don haka ya fi sauƙi su yi filashin shi ya kira da mintunansa. A kuma tsayar da lokaci: Makka tana gabanmu da awa biyu, ƙarfe tara na dare a can bakwai ne a nan, mutane sun dawo daga gona an yi magariba. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Fawa bank kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi cikin babbar jakar da za a auna ba.

Ga masu shiga Nijar

Mu nan ƙasar waje ba sai da jirgi ba. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari cike take da mutanen Dungas da Magarya da Damagaram, mu ma muna shiga wurinsu, fatauci ko biki ko gaisuwar rasuwa. Lissafin nan ya fi na Saudiyya sauƙi. Wanda zai shiga da safe ya fito da yamma, ya kashe data ya riƙe layinsa, ya taƙaita kira. Wanda yake kwana biyu uku a can, ko yake zuwa duk wata, ya yanki layin Nijar ya ajiye a gurbi na biyu. Akwai Airtel, da Moov, da Zamani wanda da ake kira Orange. Lambobinsu takwas ne, ana sa +227 a gaba, kuma da sefa ake loda kati. Wanne za ka yanka? Wanda abokan cinikinka suka fi riƙewa, domin su za ka fi kira. Ka tambaye su kafin ka saya, ka kuma tafi da katin shaida don rajista.

Kuskuren da na fi gani shi ne na suna. Mutum ya ga Airtel a nan, ya ga Airtel a can, ya ɗauka abu ɗaya ne. Uwa ɗaya ce, amma kowanne da ɗakinsa: datar da ka saya a Gumel ba ta bin ka Damagaram.

Akwai kuma abin da ke cin katin mutanen ƙauyukan bakin iyaka alhali ba su je ko'ina ba. Sabis bai san shingen kwastan ba. Kana zaune a gonarka a Najeriya, wayarka ta ga ƙarfen Nijar ya fi ƙarfi, ta koma kansa, ka shiga romin ba ka sani ba. Alamarsa ita ce baƙon suna a saman allo, ko harafin R kusa da sandunan sabis, ko saƙon barka da zuwa. Maganinsa a saitin waya yake: a cire zaɓen sabis daga kan kai-tsaye, a zaɓi kamfanin gida da hannu. Amma wanda aka yi wa wannan saitin, in Allah Ya kira shi Makka, a tuna a mayar masa da shi kan kai-tsaye, in ba haka ba layinsa na gida ba zai kama komai ba a can. Na taɓa gyara wa wani wannan a harabar masaukinmu, bayan ya kwana uku yana zaton an rufe masa layi.

Bayan an dawo, layin baƙi na Saudiyya ba ya daɗewa, yana mutuwa ne bayan wani lokaci, lambar kuma a ba wani. Kada a buɗe WhatsApp ko Facebook ko wani asusu da ita. Masu doguwar tafiya kuma, ɗalibai a Madina ko Masar da masu zuwa aiki, su kula da na gida: layin da ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba kamfani yana da damar rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, alhali asusun bankinka yana ɗaure da lambar. Ko dai ka tafi da shi ka riƙa tura saƙon tes ɗaya lokaci-lokaci, ko ka bar shi a hannun wanda ka amince wa ƙwarai, ya riƙa sa masa kati yana kira da shi duk bayan 'yan makonni.